Godiyar Goggo Opal

Unalaska, Alaska
4 ga Oktoba, 1993

Wendell, ɗan'uwana,

Gaisuwa mai yawa daga ƙarshen duniya. Ina fata kana lafiya, kai da Bev da yara, kuma gwiwar nan taka ta daina yi maka gardama. Ni lafiya lau, in ban da sanyi da ƙarnin kifi. Ƙaramin asibitinmu cike yake da masunta, wanda ƙugiya ba ta huda wa hannu ba, igiya ta murɗe masa yatsa. Mu nas biyu ne kacal, hutu kuwa sai a mafarki.

Ka san ba don hira na ɗauki biro ba. Ranar Lahadi Mama ta bugo mini waya. Ta ce ta fito da safe ta tarar an kafa turaku masu jan ƙyalle tun daga bakin titi, sun bi ta kan rijiya, sun ratsa tsakiyar gonar tuffa har gangare. Wai hukumar tsara filaye ta ba wani kamfani izinin gina katafaren rumbun sanyi a filin da ke bayanmu, kuma ta cikin gonarmu gunduma za ta fitar da hanyar tirelolinsu. In rijiya ta tafi, rabin itatuwa suka tafi, me ya rage? Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya za ta zauna tirela na wucewa ta gindin tagarta? Tashinta ke nan daga gidan da ta haife ni a ciki.

Ita da maƙwabta sun ɗaukaka ƙara, kuma an ce a gabanku za a saurara a watan Disamba, ku kwamishinonin gunduma uku. Misis Tollefson kowa ya san inda ta dosa, ko wa kyanwa aka ce za a gina wa masana'anta hannu za ta ɗaga. Tsoho Dunlap manomi ne, yana tare da mu. Saura kai.

Ba sai na tuna maka ba, kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito. Ba sai na tuna maka wanda ya yi hutun makaranta shekara da shekaru a kan teburin Mama yana cinye mana abinci ba. Rubuto mini layi ɗaya kawai in samu barci.

'Yar'uwarka,
Lorna

*

Coulter Flat, gundumar Tamarack
19 ga Oktoba

Lorna,

Na ga takardarki, na gode. Muna lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, likita ya ce in rage nauyi, Bev ta ce ta fi shi daɗewa tana faɗa. Sanyi ya fara sauka, an kusa gama tsinkar tuffa a kwarin nan, bana an samu ba laifi.

Game da maganar da kika kawo, ba zan iya cewa komai ba, kuma ina roƙonki kada ki sake rubuto mini a kanta. Idan ƙara irin wannan ta zo gabanmu, zaman alƙalai muke yi. Doka ta hana mu tattauna ta da kowane ɓangare a waje, ko a waya, ko a kasuwa, ko a ƙofar coci. Duk abin da za mu ji, sai a zauren, a gaban kowa. Lauyan gunduma ya duba zumuncinmu ya ce ya yi nisan da bai hana ni zama ba, muddin na kama bakina. Takardarki ma dole na miƙa masa, ya sa ta cikin fayil ɗin da kowa zai iya karantawa.

Kin daɗe ba ki zo ba. Tun da aka rufe masana'antar katako garin nan ya zama wani iri. Rabin shagunan babban titi a kulle suke, matasa suna ta tafiya. Kamfanin ya yi alkawarin aiki, kuma in an yi hanyar, bas zai fara zuwa har gangare. Mutane da yawa sun sa rai. Wannan ba ra'ayina na faɗa miki ba, labarin gari ne.

Ki kula da kanki cikin sanyin nan.

Wendell

*

Unalaska
2 ga Nuwamba

Ranka ya daɗe, mai girma kwamishina,

Tunda abin ya zama na ofis, bari in gaishe ka irin ta ofis. Ina fata kujera ba ta matse ka ba. Ni ina lafiya, idan lafiyata na cikin abubuwan da doka ta yarda ka sani.

Ka ɗauki takardata, wadda na rubuta da hawaye, ka kai wa lauya ya sa a fayil? Yanzu duk wanda ya ga dama zai je ya karanta yadda nake roƙon ɗan'uwana? Wallahi Wendell, na karanta wurin nan sau uku ina zaton idona ne.

Kuma kada ka raina mini hankali. Ka ce ba za ka ce komai ba, sai ga shi ka zauna ka jero mini shaguna a kulle da aiki da bas. Wanda bai yanke shawara ba ba ya haddace waƙar kamfani haka. Ka riga ka sayar da mu, kana neman in ce maka sannu da ƙoƙari. Bas! Mama ce za ta hau bas ɗin, ta je ina, bayan kun kore ta?

Ta ce mini ranar Lahadi ta hango ka bayan an tashi coci, ta ɗaga maka hannu, ka sunkuyar da kai ka faɗa mota kamar wanda ake bi da sanda. Ta koma gida ta kasa cin abinci. Ba ta yi maganar gona ba ma, cewa ta yi, "Me na yi wa yaron nan?" Yaro take ce maka har yanzu, da furfurarka da tumbinka.

Wace irin doka ce ke hana mutum gaida goggonsa? Ni ban yarda da ita ba, kuma na san kai ma fakewa kake yi. Ban ce ka yi mini alkawari ba, na haƙura da wannan. Amma in akwai sauran jinin kakanninmu a jikinka, ka je gidan. Ka zauna ka sha kofinta. Ka taka ka ga inda aka kafa turakun nan da idonka, ba a kan taswira ba. In ba za ka iya ba, to kada ka ƙara kirana 'yar'uwa, kuma wannan ma ka kai wa lauyan, in ya ga dama ya manna a bango.

Lorna

*

Coulter Flat
15 ga Nuwamba

Lorna,

Muna lafiya, sai dai Bev ta yi mura ta warke. Takardarki ta iso, ta kuma yi aikin da kika aiko ta. Kwana na yi ina juyi. Ban kai wa lauya ba, tana cikin aljihun kwat ɗina.

Jiya bayan coci na je. Na ajiye mota a bayan rumbu don kada a gani daga titi, ni da gidan da na yi wayo a cikinsa. Tana buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, yau gwamnati ce da kanta? Shigo, goge ƙafarka, ban damu da muƙaminka ba." Ta dasa mini kek ɗin tuffa a gaba, yanka biyu, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Na yi niyyar gaisuwa kawai. Amma ta sa takalmin gonarta ta ce in taso, kin kuwa san ba a yi mata musu. Muka bi turakun ɗaya bayan ɗaya. Tana tafe tana gaya mini wace bishiya babanki ya dasa, wacce suka yi wa aure da hannunsu shekarar da aka haife ki. Da muka kai rijiya ta dafa murfin ta tsaya, numfashinta na fita da ƙyar. Ta ce, "Wendell, ni ba na tsoron mutuwa. Gidan tsofaffi nake tsoro." Lorna, a nan bakina ya kuɓuce. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, muddin ina kan kujerar nan ba bishiyar da za ta faɗi.

Gaskiya ce kuwa, tunda kin matsa sai kin ji. Tun farko ra'ayina ke nan. Akwai hanya ta gefen layin dogo, ta fi tsada, amma ba ta taɓa gonar kowa ba, kuma gari zai samu aikinsa da bas ɗinsa. Shiruna na tsare ƙuri'ata ne, ba na sayar da ita ba.

Yanzu ki saurare ni da kyau. In maganar da na yi a bakin rijiya ta fita, lauyan kamfani zai ce na yanke hukunci kafin shari'a, dole in tashi daga kujera. In na tashi, saura biyu, za su yi kunnen doki, kuma a ƙa'ida in aka yi kunnen doki izinin farko ne ke tsayawa. Na ce wa Goggo Opal kada ta gaya wa kowa, ta yi dariya ta ce, "Kai dai da kunya tun kana yaro." Ban tabbata ta gane ba, kuma na kasa yi wa tsohuwa lacca a kan doka tana share hawaye. Ke take ji. Ki buga mata waya ki ja mata kunne. Na so in kira ki, sai na tuna wayarku a teburin asibiti take, kowa na ji.

Ɗan'uwanki, ko kin so ko kin ƙi,
Wendell

*

Unalaska
24 ga Nuwamba

Wendell nawa,

Ina fata kuna lafiya, ka gaida Bev da kyau, ka ce mata na ce ta ƙara maka nama a faranti, likita ya yi haƙuri. Mu nan hazo ya rufe mu ruf, an fi mako biyu jirgi bai sauka ba. Ba wasiƙa, ba jarida, ba ɗanyen kayan miya. Ban sani ba ko ka rubuto, ban kuma san ranar da wannan za ta tashi ba, amma ba zan iya riƙe ta a ciki ba.

Mama ta bugo. Wendell, rabon da in ji ta tana dariya haka tun babana na da rai. Ta ba ni labari tiryan-tiryan, har yankan kek biyu, har abin da ka faɗa mata a bakin rijiya. Na ajiye waya na shiga ɗakin magani na sha kukana. Ka yafe mini baƙaƙen maganganun da na rubuta. Bakina ka san shi, ya fi ni sauri.

Ta ce wai ka ce kada ta gaya wa kowa. Muka yi ta dariya, na ce ai Wendell ne, wanda ya ɓuya a bayan motar makaranta ranar da za a ba shi kyauta. Amma ni ban yarda a binne alheri ba. Wata guda mutanen kwarinmu suna zaginka, ni ce ma kan gaba. An ce ranar zaman kowa za a ba shi minti uku ya yi magana. Mama tana ta damuwa ba ta san me za ta ce ba, ita ba ta iya maganar taswira da doka ba. Na ce mata, "Mama, bar musu taswirarsu. Ki tashi ki faɗi abin da ke zuciyarki, ki gode wa Wendell a gaban kowa, gari ya san ɗan halak ne." Ta ce haka za ta yi, har ta fitar da shuɗiyar rigarta ta goge.

Don haka ka shirya jin kunya, ɗan'uwa. Da ina kusa da na zauna a layin gaba in ga yadda kunnuwanka za su yi ja.

Taka har kullum,
Lorna

*

Coulter Flat
12 ga Disamba

Lorna,

Lafiyar jiki muna da ita. Takardarki ta 24 ga Nuwamba ta iso jiya, kwana biyu bayan zaman. Na karanta a tsaye a gidan waya. Na gane tawa ba ta same ki a kan lokaci ba.

Ga yadda aka yi. Zauren ya cika har bakin ƙofa, manoma a gefe guda, masu neman aiki a ɗaya gefen. Da aka buɗe, Misis Tollefson, wadda ke shugabantar zaman, ta yi tambayar da aka saba, ko akwai wanda ya yi hulɗa da wani ɓangare. Na ce na kai wa goggona gaisuwa sau ɗaya. Lauyan kamfani ya ɗaga kai ya dube ni, ya mayar. Na ce a raina na tsallake.

Aka yi ta magana har aka kira sunan Goggo. Ta taso da shuɗiyar riga da jakarta a hannu. Makirufo ya yi ƙara, ta ciro na'urar ƙara ji da ke kunnenta ta jefa a jaka, ta ce, "Wannan abin ya fi ni surutu." Aka yi dariya. Ta ce ita ba ta zo faɗa da kowa ba, duk wanda ke neman aiki Allah ya ba shi. Sai ta juyo ta fuskance ni.

"Na zo ne in gode wa yaron can. Ana ta cewa ya manta da mu. Ƙarya ne. Ya zo har gida, ya bi turakun nan da ni da ciwon gwiwarsa, ya ce mini, Goggo, muddin ina kan kujerar nan ba bishiyar da za ta faɗi. Wendell, ka ce kar in faɗa, to na faɗa. Allah ya yi maka albarka."

Wasu har tafi suka fara. Tsoho Dunlap ya rufe fuska da hularsa. Lauyan kamfani bai ko ɗaga murya ba, ya miƙe yana gyara maɓallin kwat, ya ce, "Shugaba, da izininki, ina da 'yar tambaya ga kwamishina. Haka aka yi?" Me zan ce? In ƙaryata Goggo a gaban gari? Na ce haka aka yi. Lauyan gunduma ya raɗa mini abin da na riga na sani. Na tattara takarduna na fita ta tsakiyar mutane. Da na zo daidai ita ta kamo hannun rigata tana murmushi, ta ce, "Ina kuma za ka, ba a gama ba?"

Ɗaya da ɗaya aka yi. Izini ya tsaya. Za a fara aiki da zarar ƙanƙara ta narke. Maƙwabta sun tuntuɓi lauya a kan zuwa kotu, ya ce musu ba su da abin kamawa, tunda an bi ƙa'ida.

Goggo ba ta ji abin da lauyan ya ce ba, na'urar na cikin jaka. Abin da ta gani kawai shi ne ta yabe ni, na tashi na gudu lokacin ƙuri'a. Maƙwabtan da suka gane sun haɗa baki ba wanda zai gaya mata. Na je gidan washegari, ta leƙo ta taga ta saki labule.

Ina roƙonki abu ɗaya, kuma wannan karon ki ji maganata. Ki bar ta a haka. Gara ta ɗauka ni matsoraci ne da ta san godiyarta ce ta kayar da itatuwan. Ni zan iya ɗauka. Ita ba na jin za ta iya.

Wendell

*

Unalaska
3 ga Janairu, 1994

Ɗan'uwana,

Ina fata kuna lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da tawa ba, ina dai zuwa aiki.

Ana gab da Kirsimeti jirgi ya sauka, aka miƙo mini takardunka biyu a ɗaure da roba ɗaya, ta Nuwamba a sama, ashe ta maƙale cikin tarin wasiƙun da hazo ya tare. Na karanta ta farko ina cewa a'a, a'a, kamar akwai wanda zai ji ni ya tsaya. Ta biyun ban iya gama ta a zama ɗaya ba. Ni na tura ka gidan, ni na sa mata magana a baki. Ka gaya mini dokar tun a takardarka ta farko, da harshen da kowa zai gane, na ce fakewa kake yi.

Na ba da sanarwar barin aiki. Zan iso kafin motocin aikin hanyar su iso, in tattara mata kaya, in nemo mana ɗan gida a cikin gari mu zauna tare. Gidan tsofaffi dai ba za ta je ba, wannan kaɗai ya rage a hannuna.

Ranar Kirsimeti na buga mata waya. Na yi niyyar in faɗa mata gaskiya duk da roƙonka, har na tsara yadda zan fara. Tana ɗauka, kafin in buɗe baki, ta ce, "Lorna, ni dai abu ɗaya ke sanyaya mini rai. Na yi iya nawa. Na tsaya gaban gari na faɗi gaskiya ban ji tsoro ba, babanki ma da ya gani da ya ji daɗi." Daga nan ta hau kanka. Ta kira ka maci amana, ta ce ta yi da-na-sanin kowane faranti da ta taɓa ajiye maka. Ta daɗe tana yi. Ina riƙe da waya a teburin asibiti, mutane na wucewa. Na bar ta ta zage ka tas, Wendell.

Kafin ta ajiye ta sa na yi mata alkawari cewa ranar da za mu kwashe kaya ba zan bari ka taka ƙofar gidan ba. Na ce mata to.

'Yar'uwarka,
Lorna